Jinin da ya ƙi daskarewa

Assalamu alaikum. Tun kakar bara ba ku ji ɗuriyata ba. Masu turo saƙo ban amsa ba, ku yafe mani, hannun rubutun ne ya samu matsala.

Ni malamar firamare ce a Babban Duhu, amma gidanmu Yasore. Tunda albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, duk hutu gonar Baba nake tafiya. Muna roron wake na sa hannu ƙarƙashin ganye, sai na ji kamar an soka mani allura mai wuta. Kububuwa ce.

Baba ya ce a kira mai maganin gargajiya. Yayana Sani ya ce, "Baba, a yi haƙuri, asibiti za mu." Ya ɗora ni a babur, matarsa ta riƙe ni ta baya.

Kafin mu isa hannu ya kumbura, dasashina na zubar da jini.

Asibitin gwamnati ne, ba zan kama suna ba. Aka ɗebi jinina a 'yar kwalba, aka ajiye a ga ko zai daskare. Bai daskare ba. Aka sa mani maganin dafi cikin ƙarin ruwa. Washegari aka sake gwaji, jini na nan kamar ruwa, har na fara fitsarin jini. Nan tsoro ya kama ni, na ce a kawo mani 'yata in gan ta.

Da Yaya Sani ya matsa da tambaya, likita ya zo bakin gadona. Ya ce, "Malama, ba zan ɓoye maki ba. Mai kawo mana magani na kirki, kwangilarsa ta tsohon farashi ce. Kaya suka tashi, ya nemi a sake duba kuɗin, aka yi shiru, shi ma ya daina kawowa. Aka ba wanda ya fi araha. Nasa kuma na macizan wata ƙasa ne, bai kama dafin kububuwa."

Ranar Baba ya sayar da san nomansa ɗaya. Yaya ya shiga mota zuwa Katsina, ya dawo da magani na ainihi cikin kula mai ƙanƙara.

Bayan an sa mani, aka sake ɗibar jinina, nas ta karkata kwalbar a gabana. Jinin bai motsa ba. Ta ce, "Ya kama, Malama."

Wani makiyayi da aka kawo a makon da saran maciji, nasa maganin bai iso da wuri ba. Allah ya jiƙansa.

Yatsuna biyu sun sandare, amma na koyi riƙe alli da sauran, na koma aji. Alhamdu lillahi. Baba, Yaya, likita da nas-nas, Allah ya saka maku.

Shawarata: kada a tsaga wurin sara, kada a ɗaure tamau, a tafi asibiti nan take. Ku tambaya ko maganin na macizan ƙasarmu ne, kuma a sake gwajin jini bayan an sa shi.

Yanzu ina cikin kwamitin lafiya na mazaɓarmu. A taron farko na miƙe na tambayi wa ke duba farashin kwangilar magani idan kasuwa ta tashi. Aka ce za a bincika. Taro mai zuwa ma zan miƙe, kuma kujerar gaba zan zauna.