Numfashin Shitu Wanzami

Shitu Wanzami ya yi aski a Ruwan Bago tun kafin a haife ni. Shi ya yi min askin suna, shi ya yi wa 'ya'yana. In zai aske jariri, sunkuyawa yake yi har numfashinsa na taɓa goshin yaron, don kada aska ta kauce.

Ni ɗan acaɓa ne, ni na kai shi asibiti a Rogo da tari ya ƙi ƙarewa. Ya rame, ƙaho ma ya daina kama masa don ba ƙarfin zuƙa. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa, ya nuna can saman huhu, ƙasan ƙashin wuya, inda wani rami ya fito. Ya ce tarin fuka ne tsoho, wanda Shitu ya yi yana saurayi ya ɗauka ya warke. Kwanciya ciwon ya yi, da tsufa ya zo ya farka, kuma in ya farka saman huhu ya fi kamawa. Shitu ya tambaya ko numfashi na ɗauke da shi. Aka ce e, kuma jarirai sun fi saurin kamuwa.

A hanyar komawa, da muka wuce kasuwa, ya ce:

"Badaru, kai ni gidan Zuwaira. Na aske ɗanta lokacin kaka."

Haka muka bi gida gida. Ba ya shiga zaure. Daga waje yake sallama, rawani a baki, ya gaya wa maigida ya kai yaronsa a duba. Wasu sun kai, wasu sun zage shi. Ɗan Zuwaira kuwa mun tarar an binne shi tun kafin azumi. Kakarsa ta ce zazzaɓi ne da ɗan tari, kwana ya ƙare. Ba wanda ya duba yaron, don haka ba wanda zai iya ce wa Shitu e ko a'a.

Ya sha maganinsa har ƙarshe. Likita ya ce ya warke, ya koma aikinsa. Manya yana yi musu aski a gindin darbejiya. Amma in aka aiko kiransa suna, sai ya tura Abdulsalami, wanzamin ƙauyen gaba, ya ba shi aron askarsa.

Ranar sunan autata na je da kaina na roƙe shi. Ya zo, ya tsaya a bakin zaure. Da aka fito da ita, ya juya fuska ya riƙe numfashi har aka wuce.