Agwagwar da Ba Ta Ce Komai Ba

A gidanmu na Masanawa, in an sauke tukunyar tuwo Iya ba ta bari a kashe wuta. Sai ta ƙara ƙirare, ta tura dankali cikin toka, mu jikokinta mu zagaye ta. Kakarmu ce ta wajen uba, gajeriya mai kaifin ido, wadda in ta dube ka sau biyu sai ka fara tunanin abin da ka ɓata da rana.

Shekarar da aka sallami Baffa Sale, ƙanen babanmu, daga masaƙar da yake aiki a Kano, ya dawo gida da talabijin da na'urar faifai da ƙaramin janareto. Cikin faifan akwai wani dogon shiri na 'yan leƙen asiri, kashi-kashi, hotonsa tar har gumin goshin mutum kana gani. Ba ma jin yarensu, Baffa ke fassara, kuma ina zargin rabin labarin shi ya ƙirƙira. Abu ɗaya dai muka haddace: maci amana kullum a cikin gida yake, kuma shi ne wanda ba ya magana. Muka watse daga gindin murhu, dankalin Iya ya riƙa ƙonewa ba mai ci.

Lokacin Shari'a na da zafi, ana ta rufe gidajen kallo. Ba a daɗe ba mai unguwa ya kira babanmu, ya ce ya samu labari ana tara samari da 'yan mata a shagon Baffa. Aka naɗe kayan, aka tura su ƙarƙashin gado. Daga nan gidanmu ya koma kamar shirin nan. Wa ya kai rahoto? In mutum ya fita zagayawa sai a bi shi da ido.

Zargin ya sauka a kan Hajjo, matar Baffa, Bafulatanar Dugabau da ba ta shekara a gidan ba. Ba ta taɓa shiga kallon ba, ba ta da surutu, kuma tana kai wa matar mai unguwa man shanu. Babanmu ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya tambaye ta ko ita ce. Ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi, ba ta ce uffan ba. Baffa ya ce shi ke nan, ai ta amsa. Aka fara maganar ta je ganin gida.

A daren muka koma wa Iya, don ba mu da wajen zuwa. Ta ce yau da muka tuna da ita ga wata tatsuniya nan, mu matso.

Wai kaji ne shirwa ta addabe su, duk inda suka ɓoye 'ya'yansu sai ta sauko ta ɗauka. Suka taru ƙarƙashin rumbu suna ta kyarkyara, suka yanke cewa wani na kai mata gulma. Zakara ya rantse, zabuwa ta rantse har muryarta ta dushe. Da aka zo kan agwagwa, ta buɗe baki, iska kawai ta fito, don haka Allah ya yi ta. Suka kore ta. Washegari shirwa ta sake saukowa. Wata kaza ta tare ta, ta ce don Allah wa ke gaya mata yanzu. Iya ta ƙanƙance ido, ta yi muryar shirwa: "Gaya mini? Ku da in kun ɓuya, har Kabo ana jin ku?"

Muka yi dariya, amma ba mu yarda ba. Yayana ya ce ƙila shirwar rufa wa agwagwa asiri take yi, haka suke yi a shirin. Iya ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji a shagon Baffa: "To, Allah ya shirye ku, ku da mai fassara muku." Baffa bai fito ba. Kwana kaɗan Hajjo ta tafi ganin gida, kuma ba a je bikonta ba.

Har yau ban san wanda ya kai rahoton ba. Wani lokaci nakan ce ƙarar janareto ce, wani lokaci har Iya nakan zarga, Allah ya jiƙanta, don ita kaɗai ta ci ribar rufe kallon. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta san me shirun Hajjo yake nufi, amma ita ma ba ta iya faɗa wa 'ya'yanta kai tsaye ba, sai ta bi ta kan kaji.

Bayan na yi aure na haɗu da Hajjo a wani suna a Gwarzo, ta manyanta, da jikarta a baya. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ban da mutum biyu, Baffa da babanmu. Na kasa haƙuri, na ce, "Inna, me ya hana ki ce ba ke ba ce?"

Ta gyara goyonta, ta dubi ƙasa.

"Yayan mijina ne fa ya tambaye ni," ta ce. "Da wane baki zan amsa masa?"