Kawu Nomau a Hawa na Uku

Duk wanda ya san Kawu Nomau magini ya san ba ya gaisawa da mai gida sai ya gaisa da bango. Zai yi sallama, ya ƙwanƙwasa katanga da bayan hannu, ya kasa kunne, sannan ya ce, "Wa yay yi maka wanga aiki? Allah shi isam maka!" Kai kuwa kana tsaye da hannu a miƙe.

Tun yana saurayi yake gina soraye a Gatawa, kuma babu soron da yake ji da shi kamar nasa, wanda yake yaɓewa da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, duk shekara kafin ruwa ya sauka. Da bulo da kwano suka shigo aka daina kiransa aiki, bai taɓa yafewa ba. Alhaji Labbo mai fataucin Nijar ya taɓa gayyatarsa ganin sabon gidansa na kwano, da tsakar rana, a bazara. Kawu ya ɗan zauna, gumi na tsiyaya, ya miƙe ya ce, "Alhaji, in kun dahu a aiko man da romo."

Sai ga shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu. Muka faɗo Sabon Birni, cikin wani bene mai hawa uku da wani attajiri ya yanka ɗaki-ɗaki ya cusa mu kamar kaji, wai taimako. Ni ɗan ƙanwarsa ni na ɗauko shi, kuma can ƙololuwa muka samu wuri.

Ranar farko na nuna masa makewayi. Ya dubi ƙasa ya ce, "Bello, wa ke ƙarƙashinmu?"

"Malam Garba da iyalinai, Kawu."

"Wato in tsuguna bisa kan malami? Ba da ni ba!"

Wallahi tun daga ranar, tsoho da ciwon gwiwa, da buta yake sauka har ƙasa, yana tsine wa kowace matakala.

Da ya ga gidan ba zaure, sai ya shimfiɗa tabarma a kan matakalar ya zauna. Duk mai wucewa sai ya yi sallama, har mai gidan. Da attajirin ya yi ƙorafi, Kawu ya ce, "Ka iya ɗora mutane bisa mutane, ba ka iya wurin gaisuwa ba?"

Muna dariya, amma da hadari ya fara haɗuwa sai dariyar ta ƙare. Kullum maganarsa ɗaya: "Za ni Gatawa in yaɓe sorona." Hanya kuwa ba ta biyuwa. Na ce masa na aika an yi.

"Da makuba?"

"Da makuba, Kawu."

Ƙarya nake. Damina ta biyu na sake shirga masa ita. Tsakiyar daminar soron ya zube, kuma ku 'yan garinmu kun sani, da ku aka haɗa baki aka ɓoye masa.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata safiya ya riƙo hannuna. "Bello, ka huta hakanan. Ni nig gina shi, na san iyakar ruwan da shika ɗauka. Tun ruwan wata Jumma'a na san ya tahi."

Na ce, "Kawu, to mi ya hana ka magana?"

"Na ga kana ta wahalar gina ƙarya. In rushe maka aiki?"

Kwana uku bayan nan ya cika. Har yau haushi bai sake ni ba: haushin waɗanda suka kore mu, da waɗanda suka zuba ido, da ni kaina da na ɗauki tsoho yaro. Mutumin da ya rufa wa rabin gari asiri ya mutu a ɗakin wani, yana hangen hanyar gida ta taga.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe masa, ya saukar da shi a gidan da babu mai tashinsa. Mu kuma Allah ya mai da mu gida. Amin.