Yaran da Suka Shiga Rumbu

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, gyaɗa ta yi albarkar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Ina gidan mijina a wani ƙauye kusa da Maijirgi, da goyon ɗiyata a baya, babban ɗana kuma ya fara kora awaki. Da kaka ta yi, kowace hanya ta nufi Tasawa. Jakuna da raƙuma suna tafe da buhuna, manyan motocin kamyo suna kwasa suna yin kudu. Maza suka koma magana ɗaya, daga masallaci har bakin rijiya: gyaɗa, gyaɗa, kamar ita ce ta haife su.

A wannan kakar na fara ganin silima. Mun kai kaya Tasawa, muka sauka gidan yayar mijina, da aka yi sallar magariba aka ce ga mota ta kafa farin ƙyalle a filin kasuwa. Na ce sai na je. Mijina mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya, ni kuwa Allah bai ba ni wannan ba, don haka muka je.

Sun fara nuna wani na baƙin ciki, na wata mata da kogi ya cinye wa ɗa. Mata suka yi ta sharɓe, ni ma na taya su. Irin wannan ba ya bin mutum gida. Ka yi kukanka, ka share ido, ka sayi ƙosai a hanya. Na biyun shi ne ya tsaya mini a rai, kuma shi ne wanda kowa ya yi ta dariya a kai.

Labarin wani manomi ne baƙin mutum kamar mu, a wata ƙasa da ban sani ba. Wani mushe na lakkwal, wato malamin makarantar boko, ya tsaya gefe yana fassara mana da Hausa. Manomin ya gaji da talauci, ya share gonarsa kaf, ya shuka gyaɗa daga wannan iyaka zuwa waccan. Ruwa ya yi, ya girbe, ya kai ma'auni. Sai ga shi ya dawo gida bisa keke, da radiyo a rataye, da turmin atamfa ya miƙa wa matarsa. Aka rufa masa ɗaki da kwano. Daga ƙarshe yaransa uku suka ɓoye masa, yana ta nema bayan ɗaki, bayan danga, har ya je ga rumbu ya ɗaga jinka. Aka nuna mana ciki: ga su zaune a ƙasan rumbun suna ƙyalƙyala dariya. Uban ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, aka buga kiɗa, aka rufe.

Filin ya ɗauki tafi da shewa. Ni kuwa na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya.

Ni ɗiyar garin Kanan Bakashe ce, can ƙasar Mayahi. Ina ƙarama aka yi mana wata shekara da fara ta sauka, ba mu ga ko zangarniya ba. Rumbun babanmu ya zama ɗakin wasanmu ni da ƙanena. Mukan hau ta turmi mu faɗa ciki, akwai inuwa, akwai ƙanshin tsohon hatsi, mu riƙa tsintar ƙwaya a tsakanin kara muna taunawa. Mu a lokacin daɗi muke ji, dariya muke yi kamar yaran nan na cikin ƙyalle. Kafin damina ta kewayo ƙanena ya rasu. Tun daga nan na san cewa yaro ba ya samun wurin zama a rumbu da kaka sai in babu komai a ciki. Rumbun kaka cike yake har wuya, ko kaza ba ta samun inda za ta sa ƙafa.

A hanyar komawa masauki mijina yana ta murna, yana faɗin launin keken da zai saya, wanda muke ce wa belo. Da ya ga ban taya shi murna ba, sai ya juyo.

Ya ce, "Ke kuma mi ya same ki? Kowa na dariya, ke kin ɗaure huska kamar an aiko miki mutuwa."

Na ce, "Maigida, mi ɗiyan nan za su ci?"

"Waɗanne ɗiya?"

"Na cikin silima. Rumbun ubansu wayam yake, har an share ƙasanshi. Kai ba ka gani ba?"

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Mutumin da ya sayi belo shi za ki tausaya ma? Kasuwa ba ta ƙare ba, ya sayi hatsi. Ke dai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai gudu."

Ban musa ba, maciji ya sare ni. Shi ɗan gidan fatake ne, bai taɓa kwana da yunwa ba, bai san akwai ranar da za ka riƙe kuɗi a hannu ka zagaye kasuwa ba mai sayar maka da tiya ɗaya ba.

Da rani ya tsaya, ya fito da abin da ke ransa. Bana gandu duka gyaɗa za a sa, har ma yana son in ba shi gamanata. Gamana ita ce 'yar gonar da ake yanka wa mace ta noma abin da ta ga dama, ni kuwa tawa hatsi da wake nake sa mata. Na ce masa ko da tsiya ko da arziki ba zan ba da ita ba. Amma gamana ɗaya ba ta riƙe gida. Abin da ke riƙe gida shi ne rumbun gandu, wanda ake rufewa bayan kaka, ba a taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da aiki ya yi yawa abinci ya yi wuya. In gandu ya zama gyaɗa, to wannan rumbun ya zama ɗakin wasan ɗiyana. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kai ƙara wurin uwarsa. Tsohuwa ta ce in bar maza da shawararsu. Kuma ba shi kaɗai ba ne, mazan unguwarmu duk bakinsu ɗaya.

Ana nan sai ga motar silima ta iso Maijirgi ranar kasuwa. Na bi gida gida na kwaso matan unguwa, har da surukata, wadda ta ce ita ba ta kallon aljanu a jikin zane. Na ce, "Inna, ki zo ki ga aljanun da suka ɗauke hankalin ɗanki." Ta ja tsaki, ta ɗauko mayafi.

Muka zauna gefen mata. Aka yi ta tafiya har aka zo wurin da uban ya ɗaga jinka. Ban yi niyyar tashi ba, amma sai na ji ni tsaye, murya ta fita har ta rufe injin motar.

Na ce, "Mata, ku duba da kyau! Kaka ce hwa, ga buhuna nan a tsakar gida. Ina hatsin?"

Dariyar gefenmu ta yanke. Maza suka juyo, wasu suna cewa a zaunar da ita. Mushen ya ce cikin ladabi, "Baiwar Allah, ai wasa ne, ba gaskiya ba ne." Shi ma da gaskiyarsa. Amma kiɗan ƙarshe na tashi, a gefen mata babu wadda ta tafa. Wata tsohuwar Bafillatana da ke kawo mana nono ta rufe fuska da hannu. Surukata ta daɗe tana kallon farin ƙyallen bayan an kashe, sannan ta ce a hankali, "Ni ma na binne biyu a irin wannan shekara." Ban taɓa jin ta faɗi haka ba, ɗanta ma bai sani ba.

Da muka shiga gida mijina ya ce na kunyata shi gaban jama'a, za a riƙa nuna shi ana cewa ga mijin mai faɗa da silima. Na ce na ji, in sha kunya ya fi in sha makoki. Ya ce shawara dai tana nan yadda take.

To, akwai abin da maza suka manta. Irin gyaɗa ba ya shiga ƙasa da ɓawonsa. Kafin ruwa ya sauka sai an ɓare shi da hannu, ƙwaya ƙwaya, a tsince mai kyau a ware ruɓaɓɓe, don turmi yana fasa shi. Wannan aikin mata ne. Mukan taru a inuwa bayan azahar, yau gidan wannan gobe gidan waccan, har yatsu su yi kanta. Da aka fito mana da buhunan iri, surukata ce da kanta ta auna da ido, ta ce a jawo rabi a bar rabi. Muka ɓare rabin kowane gida tsaf, muka tsince, muka ɗaure. Sauran muka jingine a zaure.

Maza suka ce mene ne haka. Muka ce yatsu sun yi ciwo. Suka ce a huta a ci gaba. Muka ce ciwon bana mai naci ne. Wani maƙwabcinmu mai zafin kai ya rantse shi zai ɓare nasa, ya zauna ƙofar gida da ƙwarya tsakanin ƙafafu. Yara suka kewaye shi suna kallo, masu wucewa suna yi masa sannu da aiki, har wani ya tambaye shi ko zai yi masa dakan fura in ya gama. Kafin la'asar ya tattara ya shige. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa hannayenmu sun haɗu.

Hadari ya fara haɗuwa gabas, ƙasa ba ta jiran gardama. Da ruwan fari ya sauka, mijina ya tsaya tsakar gida yana kallon rabin irinsa, yana kallon uwarsa. Ita ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Tahi ka ɗauko irin hatsi, rana na yi." Ya tafi ya ɗauko. Haka aka yi a kusan kowane gida na unguwarmu: rabi gyaɗa, rabi hatsi da dawa.

Ba zan yi ƙarya ba, shekarar nan da ta bayanta gyaɗa ta yi kyau, kuma na sha gori. Mutanen ƙauyen da ke gabanmu, waɗanda suka sa gyaɗa zalla, suka riƙa wucewa bisa kekuna suna kaɗa ƙararrawa a ƙofarmu. Mijina yakan dube ni ya ce, "Ga belona can ya wuce, kin zuba shi cikin rumbu." Nakan ce ya bar shi nan, ba ya tsatsa. Kowace bazara kuma yatsunmu sukan sake ciwo daidai rabin buhu, har maza suka daina tambaya.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. Gyaɗa ta bushe a ƙasa ba ta yi ɗiya ba. Hatsin ma kaɗan aka samu, amma ya tarar da na bara da na bara waccan a rufe. Kasuwar Tasawa ta cika da kekuna da radiyo na sayarwa, ba mai taya su. Ban yi wa kowa dariya ba, na san abin da ke bayan wannan. Mun auna wa 'yan uwa, mun auna wa Bafillatanar nan da shanunta suka rame, kuma a unguwarmu ba a fitar da gawar yaro ko ɗaya saboda yunwa ba. Wannan shi ne abin da nake alfahari da shi a duniya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A cikin ranin nan ɗiyata, wadda na goya zuwa silima, ta je kwana biyu wurin dangi a ƙauyen gaba. Ta dawo tana kumbure-kumbure. Wai can yara suna da ɗakin wasa mai daɗi, suna shiga rumbu su ɓuya, mu kuwa ba mu taɓa barinta ta shiga namu ba. Ta yi ta kuka ita ma sai ta shiga.

Ina bakin murhu ina kallonsu. Ubanta ya tashi daga tabarma, ya sa ta a kafaɗa, ya je ya ɗaga gefen jinkar rumbun gandu. Dammunan hatsi sun taso har baki. Ta miƙa ƙafa tana neman inda za ta sa, ta rasa, ta ƙara fashewa da kuka.

Ya sauke ta, ya gyara jinkar, ya daɗe bai juyo ba. Sannan ya ce mata, "Yi haƙuri, ɗiyata. Tahi ki kai ƙara wurin uwarki, ita ta hana ki wuri."