Malam Chaibou da Takardar da Ba Ta da Hatimi

Kullum ƙarfe takwas na safe Malam Chaibou yake buɗe teburinsa a ɗan ofishin ƙungiyar 'yan Nijar, can ƙasar waje, kusa da unguwar Porte de la Chapelle. Shekara ashirin da shida yana karanta wa mutane takardun hukuma, da tambayoyi uku da ba sa canzawa: wa ya aiko, me yake nema, yaushe wa'adi zai cika. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba a shirya masa lambar yabo ba, an dai yi alkawarin shayi.

Lokacin da yake ɗalibi a Bron, wani gari a gefen birnin Lyon, ya yi shekara shida yana gadi a wani zauren kiɗan rock, kiɗan Turawa mai ƙara, a Lyon. Mai gadi baya yake ba mawaƙa, jama'a yake kallo. Bai taɓa ganin mai gita da kyau ba, amma ya ga dubban mutane suna ihu tare, kowa da kaɗaicinsa. Masu digirin adabi littafi suka kalla, shi mutane ya kalla.

Shekara uku da suka wuce, Alhaji Moutari mai shigo da atamfa ya zo da takarda a ninke. A bangon ɗakin 'yarsa Huseina ya ɓamɓaro ta. Yarinyar ta daina cin abinci da su, kullum kunne a toshe da kiɗa, shi kuma ya gama shawarar cire ta daga makaranta ya mayar da ita Damagaram. Mutum huɗu na kan benci suna jiran layi, duk sun shaida.

"Malam, karanta mini wannan shaiɗancin."

Malam Chaibou ya gyara tabarau. Baitocin waƙa ne da Ingilishi.

"Wani ne cikin jirgin ƙasa maƙil da mutane, ba wanda ya dube shi. Ya kira gida, ya kashe kafin a ɗauka."

"Ke nan? Duk wannan hayaniyar?"

"Ke nan. Alhaji, shekarar da ka sauka garin nan, sau nawa ka shiga rumfar tarho ka fito ba ka kira Hajiyarku ba?"

Alhaji ya dubi benci. 'Yan benci suka dubi takalmansu.

"Bon, to," in ji Alhaji can. "Wa ya aiko?"

"Wadda ta manna."

"Me take nema?"

"A ƙwanƙwasa mata ƙofa, a zauna, ban da wa'azi."

"Wa'adi fa?"

"Ba a rubuta ba. Irin waɗannan na fi tsoro."

Yau Huseina tana shekara ta biyu a jami'a a Lyon. Alhaji bai fasa cewa kiɗan kamar ana rushe gini ba ne. Amma duk Lahadin da ta zo, shi ke raka ta tasha, wayar saurare ɗaya a kunnenta, ɗaya a nasa, fuska a murtuke kamar mai shan maganin ɗaci.

Malam Chaibou, kai ne tun daga ranar iyaye suke kawo wa irin waɗannan takardu a ɓoye, a ƙarƙashin dosiyen takardun hukuma, kamar kayan fasa-ƙwauri. Ba ka taɓa ce wa uba ɗansa ya lalace ba, ba ka taɓa ce wa ɗa ubansa jahili ne ba. Makarancin baƙi, mun gode, Allah ya saka.

Ku kuma da za ku gaji teburin, da ku masu 'ya'ya a bayan rufaffiyar ƙofa, in kun ga takarda a bango kada ku yaga. Ku yi tambayoyin nan uku, ku amsa da wuri.