Ƙofar Gidan Fim

Ni aka ba aikin zana gidan ɗaukar fim a Diffa. Alhajin da ya ba da filin, wani ɗan kasuwa Badamagare, ya ce in fitar da ƙofa biyu: ta gaba don 'yan fim, ta baya don mutanen gari.

Na ce, "Alhaji, babana manomin tattasai ne a Shetimari. Ba zan zana masa ƙofar baya ba."

Ya ce zai nemo wani ya zana. Na ce bismilla. 'Yan fim ɗin suka goyi bayana, aka gina yadda na zana. Har yau da ƙyar Alhaji yake amsa gaisuwata, ni kuwa ban fasa gaishe shi ba.