Vandi, Telan da Ke Buɗe Kafaɗa

A'a, Hapsatu, bar ni in gama. A gaban mutane kika ce Vandi tela likkafani yake ɗinka wa masu rai, to a gaban mutane zan amsa miki. Ni ke wankan gawar mata a Lokuwa tun kina goyon fari. Na san likkafani. Ba a sa masa maɓalli.

Kullum kafin masu ƙosai su sauke kasko, Vandi ya buɗe shago, ya hau tsohon keken ɗinkinsa na ƙafa, tabarau ɗaure da zare. 'Yan gayu sun daɗe da barinsa. Masu zuwa wurinsa yanzu su ne waɗanda ake kaiwa Yola wankin ƙoda, masu roba a wuya, masu roba a ƙirji, waɗanda riga ta zama musu abin tsoro.

Jibrilla ɗana ne, ke kuma goggonsa. Mutumin da ke kayar da bijimi a kasuwar shanu. Da ƙodarsa ta gaza suka sa masa robar wankin nan a ƙasan wuya, likita ya ce mana in ta fizge nesa da asibiti, jini ba ya jiran mota. Ran nan ya ɗaga hannu zai cire kaftani ta kai, wuyan rigar ya kama robar. Ba ta fita duka ba, Allah ya kiyaye. Amma na ga jini yana bin cikinsa, na ga idonsa. Kina Mayo Bani wajen suna, ba ki gani ba.

Daga ranar ya ƙi riga. Ya zauna a ɗaki da mayafi kamar mai jego. Ya ce ba zai shiga mota ƙirji a waje ba, ba kuma zai sake sa kai a wuyan riga ba. Ranar wanki ta zo ta wuce. Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, numfashi sai ya zauna. Nakan tsaya bakin ƙofa ina sauraron ko ƙirjin na motsi. Na san kamannin da mutum ke yi in ya kusa zuwa hannun irinmu.

Matarsa Rukayyat ce ta kirawo Vandi. Ya zo, bai fito da tef ba. Ya tsuguna ya ce, "Jibrilla, wane gefe kake kwanciya? In mota ta faɗa rami, ina take ja?" Ya tafi. Hayatu mai Keke Napep yana nan da rai, ki tambaye shi. Tsohon nan ya yanki tiyo ya manna a ƙirjinsa da filasta, ya sa rigar da ya ɗinka, ya ce a bi da shi hanyar Gella, kada a kauce wa rami ko ɗaya. Hayatu ya ce, "Baba, ka haukace ne?" Ya ce, "Ja mu je, in ta fizge gara a jikina." Ta fizge kuwa. Ya koma ya farke ɗinkin, ya sake.

Da ya kawo rigar, ni ma jikina ya yi sanyi. A buɗe take daga wuya har hannu ta kan kafaɗa, daidai inda muke sa almakashi in gawa ta sandare. Sai ya ɗora wa Jibrilla ita ta gefe, ya danna maɓallai, ya ɓoye su ƙarƙashin aikin wuya. Robar ta kwanta a ɗan aljihu daga ciki. Washegari yaron ya shiga mota.

Kin ce duk wanda ya ɗinka wa ya mutu. Dennis ya mutu, Na'ima ta mutu, ban musa ba. Kina zaton ba na lissafa su duk ranar da motar Yola ta tashi? Ba na iya haɗiye ko kunu sai ta dawo. Amma ciwo ya kashe su, kuma sun je masallaci da coci a suturce har ƙarshe.

Vandi, kai ne ka ɗauki tsoronmu ka manna a ƙirjinka. Useko, mun gode, Allah ya biya ka. Idonka na tafiya, na ga yadda kake laluben allura, kuma wannan ma yana hana ni sukuni. Telolin Mubi, ku je ku zauna kusa da shi tun yana gani. Ƙoda ba ta tambayar gidan wa za ta shiga.

Ke kuma, Hapsatu, tunda kin ce a ƙona rigar, ban hana ba. Gobe akwai wanki. Ki zo da kaftaninki mai albarka ki sa masa, in sun dawo ki cire masa ta kai da hannunki. Ni zan jira a waje.